Zauren Lauya: Waya ta raba mana gado, shin kotu za ta karɓa?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan wata da yawansu kan abu ɗaya suke, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira ta AI da yanzu kowa ke yi wa tambaya a wayarsa, da yadda suka fara shigo mana harkar shari'a. Na zaɓi huɗu. Masu tambaya kan haya da beli su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Barista, maigidana ya rasu bayan Babbar Sallah. Ya bar gida da shago da aka yi wa kuɗi naira miliyan 24, da 'ya'ya maza uku, mata biyu. Babban ɗana ya tambayi wata manhaja a waya, ta ce ina da tumuni, miliyan 3, saura na yara. Har mun je an buga mana a takarda. Amma ƙanen marigayi ya ce ba haka ba ne, wai mahaifiyarsu tana da rabo, kuma abokiyar zamana da ya saka wata ɗaya kafin rasuwarsa ita ma tana da shi. Zan iya kai takardar nan kotu?
Daga Hajiya Rabi, Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya ba ku haƙurin rashi, Ya raya abin da ya bari. Kada ki kai takardar nan kotu da sunan hujja. Ba shaida ba ce, ba fatawar malami ba ce, babu sa hannun kowa a kanta, kuma in alƙali ya tambaya wa ya yi wannan lissafi, babu wanda zai miƙe ya ce shi ne. Sannan bisa abin da kika rubuto, ƙanen mijinki ya fi manhajar gaskiya.

Uwa ba ta faɗuwa a gadon ɗanta. In ya bar 'ya'ya, sudusi ne nata, ɗaya cikin shida, miliyan 4 ke nan daga cikin 24. Tumuni kuwa na matan mamaci ne gaba ɗayansu, ko ɗaya ce ko huɗu, raba shi suke yi. To abokiyar zamanki fa? In saki ɗaya ne ko biyu, kuma ya rasu ba ta gama idda ba, matarsa ce a shari'a, tana gado. Ko da saki uku ne, in ya yi shi yana kwance cikin ciwon da ya zama ajalinsa, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi tana gadonsa ko ta gama idda. In hakan ta tabbata, miliyan 3 ɗin nan naku ne ku biyu, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Sauran miliyan 17 na yara ne, kowane namiji naira 4,250,000, kowace mace 2,125,000. Wannan ma sai in babu bashi a kansa kuma bai bar wasiyya ba, don su ake fara fitarwa bayan hidimar jana'iza. Ban ga kin ambaci mahaifinsa ba, na ɗauka ya riga mu gidan gaskiya. In yana raye, lissafin ya sake.

Abin da ɗanki ya gaya wa manhajar shi ta lissafa, ba ta tambayi abin da ya rage ba. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci ranar rabon gado ya san ba da lissafi ake farawa ba. Alƙali yakan ajiye biro ya bi magada da ido ɗaya bayan ɗaya. Iyayensa suna raye? Akwai mai juna biyu a cikin matansa? Akwai wadda ya saka? Wa ke binsa bashi, wa yake bi? Shagon nan nasa ne shi kaɗai ko da jarin wani a ciki? Sai ka ga wata dattijuwa da ke zaune can baya ta gyara mayafi ta ce, "Allah gafarta Malam, akwai yaron da ya haifa a Kafanchan." Rabin aikin rabon gado tono abin da ba a faɗa ba ne, wani don mantuwa, wani don son zuciya. Bugu da ƙari, manhajojin nan sun karanta rubuce-rubucen mazhabobi daban-daban da dokokin ƙasashe irin su Masar da Pakistan, suna iya ba ki hukuncin da yake daidai a can amma ba shi ake bi a Zariya ba.

Ku zauna da surukarki da ƙanen mijinki a gaban malamin da ya san mirasi, ko ku je kotu tare ku nemi a raba muku. Zuwa kotu don rabon gado ba faɗa ba ne. In kuɗin lauya ne matsala, ɗaliban shari'a na ABU suna da ofishin taimakon jama'a kyauta a ƙarƙashin kulawar malamansu, ki sa ɗanki ya leƙa harabar jami'ar da ke Kongo ya tambaya.

TAMBAYA: Ina aji huɗu a sashen shari'a. Kusan duk 'yan ajinmu da AI suke rubuta aikin gida. Wani malaminmu ya ce duk wanda ya kama ya faɗi, wasu yayyenmu da suka gama kuma suna cewa wanda bai iya ta ba ba zai samu aiki ba. Wanne zan ɗauka?
Daga Fatima, Kongo.

AMSA: 'Yata, dukansu biyu suna da gaskiya, amma bari in fara da abin da ya sa malaminku ya ɗauki zafi.

A 2022 wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca ƙara a New York, shari'ar ta koma wata kotun tarayya da ke can, yana cewa keken rabon abinci ya buge masa gwiwa a cikin jirgi. Lauyansa, wanda ya kai shekara 30 yana aiki, ya nemi manhajar ChatGPT ta samo masa tsofaffin hukunce-hukuncen da za su goyi bayansa. Ta ba shi, da sunayen masu ƙara, da shekara, da lambar shafi, har da kalaman alƙalai. Shida daga cikinsu ba a taɓa yin su ba a duniya. Da ya fara shakka, ita ɗin ya koma ya tambaya ko na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. A watan Yunin 2023 mai shari'a Kevin Castel ya ci lauyoyin tarar dala 5,000, ya kuma sa suka rubuta wa kowane alƙalin da aka laƙaba wa hukuncin ƙarya wasiƙa. An ɗauka kowa ya ji ya kiyaye, amma tsugune ba ta ƙare ba. A Janairun 2025 wata babbar kotu a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu ta duba hukunce-hukunce tara da lauyoyi suka kafa hujja da su, biyu kawai aka samu, ta miƙa lauyoyin ga hukumar ladabtarwa. A Yunin 2025 kuma babbar kotun Ingila ta ci karo da wata ƙara da aka shigar kan bankin ƙasar Katar, inda 18 cikin hukunce-hukunce 45 da aka ambata babu su. A wannan karon mai ƙarar ne ya yi binciken da kansa ya miƙa wa lauyansa, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Kotun ta gargaɗi lauyoyi cewa irin wannan na iya kai mutum ga tuhumar raina kotu.

Ba sai mun je Turai ba. Wani matashin lauya da ke koyon aiki a hannuna ya taɓa kawo mini jawabin ƙarshe kan wani rikicin gona. A shafi na uku akwai hukuncin Kotun Ƙoli da kalaman da suka yi daidai da buƙatarmu kamar don mu aka furta su. Dacewar da ta yi yawa ita ta sa na tsaya. Na ce ya sauko mini da kundin NWLR, wato jerin littattafan da ake buga hukunce-hukuncen manyan kotunan Nijeriya a ciki, mai lambar da ya rubuta. Ya sauko da shi, muka buɗe shafin, sai ga shari'ar rikicin sarauta daga wata jiha ta Kudu, babu gona ko ɗaya a ciki. Yaron ya tsaya riƙe da littafin, gumi na keto masa. Ba maƙaryaci ba ne, yarda ya yi da abin da bai san yadda yake aiki ba.

Ga yadda yake aiki. An ɗura wa manhajar rubutu mai yawan gaske, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. In kika yi tambaya, tana jera kalmomin da suka fi kama da amsa ne, ba wai ta buɗe kundi ta duba ba. Kin san maroƙin da za a nuna masa baƙo a wurin ɗaurin aure, bai san kakansa ba amma ba zai yi shiru ba, sai ya jero masa sunaye masu daɗin ji? To haka take yi da hukunce-hukunce. Ko manhajojin da aka ƙera musamman don lauyoyi, waɗanda aka jona su da rumbun hukunce-hukunce na gaske, ba su tsira ba. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada su a 2024, suka tarar wadda ta fi kyau a cikinsu tana ba da amsa marar tushe a fiye da kashi 17 cikin 100 na tambayoyi, kuma wannan kan dokar Amurka ce, wadda ita suka fi ƙoshi da ita.

Mu namu ya fi haka haɗari. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara suna cikin NWLR, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, da rumbuna irin LawPavilion da ake biya kafin a shiga. Na manyan kotunan jihohi da na majistare da na kotunan shari'ar Musulunci kuwa, akasarinsu suna cikin fayil a ofishin magatakarda, wasu da rubutun hannu. Abin da manhaja ba ta karanta ba, cike gurbinsa take yi. Ki tambaye ta hukuncin wani laifi a Zariya, tana iya kawo miki sashe daga kundin laifuffukan da ake bi a Kudu, alhali Arewa tsarin Penal Code take bi, kuma Jihar Kaduna ta sabunta nata a 2017.

Akwai kuma amana. Matar da ta zo ofishinki ta rufe ƙofa ta gaya miki abin da ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba, in kika kwashe shi da sunanta kika zuba a manhajar kyauta, ya tafi kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, ba ki da ikon dawo da shi. Ƙa'idojin aikin lauya sun haramta tona sirrin wanda kike wakilta, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma tana nan.

Duk da haka ki koye ta. Tana taƙaita takarda mai shafi 200, tana jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, tana gyara Turanci, tana nuna miki hujjar da abokin hamayya zai iya kawowa. Ni ma ina amfani da ita a kan irin waɗannan. Sharaɗina ɗaya ne, duk hukuncin da ban buɗe na karanta da idona ba ba ya shiga takardar da zan sa wa hannu. Abin da ke damuna game da ku shi ne, aikin da take ɗauke wa ƙananan lauyoyi, wato wunin tonon littattafai, a cikinsa ne ake samun hancin da ke shinshino hukuncin bogi. In kika bar ta ta rubuta miki aikin aji huɗu, da me za ki kama ta ranar da ta yi miki ƙarya? Don haka a makaranta ki bi malaminki.

TAMBAYA: Zan sayi fili a Basawa. Kuɗin da lauya ya nema ya yi mini yawa, sai yarona na shago ya sa manhaja ta rubuta mana yarjejeniya, kuma ta yi kyau sosai. Akwai matsala?
Daga Alhaji Sani, Kasuwar Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, araha ba ta ado. A cinikin fili rubutun takarda shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne sanin ko mai sayarwa shi ne mai fili. Manhaja ba za ta je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ta duba ko an jinginar da filin a banki ko yana cikin wurin da gwamnati ta karɓe ba, ba za ta zauna da mai unguwa da maƙwabtan iyaka ba, ba za ta gano cewa gonar gado ce da magaji ɗaya ke son sayarwa a bayan 'yan'uwansa ba. In filin yana da takardar mallaka ta gwamna, dokar filaye ta 1978 ta wajabta neman amincewarsa kafin mallaka ta koma hannunka, kuma takardar da za a kai rajista ana son sunan lauyan da ya tsara ta da hatiminsa. In lauya ya yi maka sakaci kana da inda za ka kai kukanka, har kwamitin ladabtar da lauyoyi. Ka koma ku daidaita farashi, ko ka nemi wani lauyan, amma kada ka ba da ko kafin alƙalami sai an yi bincike.

TAMBAYA: Shari'ata ta gona ta shiga shekara ta bakwai. Shaiduna biyu sun rasu. Tunda na'urar nan ba ta cin hanci, ba ta tafiya hutu, me zai hana a ba ta alƙalanci? In kuma tana da haɗari kamar yadda ake faɗa, me ya hana gwamnati ta yi mata doka?
Daga Malam Garba, tsohon malamin makaranta, Samaru.

AMSA: Allah gafarta Malam, wanda ya yi shekara bakwai yana sintiri a kotu yana da haƙƙin yin wannan tambaya, kuma mu da muke cikin aikin ya kamata mu ji kunyarta. Amma ban yarda a ba na'ura alƙalanci ba.

An ɗan gwada makamancin haka. A jihar Wisconsin ta Amurka kotuna suna amfani da wata manhaja mai suna COMPAS da ke kimanta yiwuwar mai laifi ya sake aikatawa. Wani da aka ɗaure shekara shida ya nemi a nuna masa yadda ta kai ga cewa shi mai haɗari ne, kamfanin ya ce sirrin kasuwancinsa ne. A 2016 kotun ƙolin jihar ta bar hukuncin yadda yake, ta dai ce a riƙa yi wa alƙalai gargaɗi. Sashe na 36 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci. Ta yaya mutum zai ƙalubalanci dalilin da ba a nuna masa ba? Na'ura ba ta karɓar ambulan, gaskiya ne, amma daga tsofaffin hukunce-hukunce take koyo, in da son kai a cikinsu da shi za ta tashi. Kuma Malam ya fi ni sanin hadisin da ya kasa alƙalai uku, biyu a wuta, ɗaya a Aljanna. Alƙalanci nauyi ne da ake ɗora wa wuyan mutum, wanda za a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa a nan, a kuma tambaye shi gobe ƙiyama.

Inda nake so a shigo da ita shi ne inda lokacinku ke ɓacewa. Har yau a kotuna da dama mai shari'a da hannunsa yake rubuta kowace kalma, shaida ya faɗi jimla ɗaya a ce ya dakata, tafinta ya juya ta Turanci, biro ya bi. Shaida guda sai ya cinye zaman yini. Na'urar da ke mayar da magana rubutu za ta rage wannan sosai, muddin magatakarda zai bi ya tantance, musamman in da Hausa aka yi maganar.

Batun doka kuwa, ana yi, amma abin ya fi majalisa sauri. ChatGPT ta fito ne a Nuwamban 2022. Tarayyar Turai, da duk ƙwararrunta, sai 1 ga Agustan 2024 dokarta ta fara aiki, ita ma daki-daki. Ta sa manhajojin da alƙalai ke amfani da su cikin rukunin masu babban haɗari, kuma tara mafi girma a cikinta ta kai Yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Turai na iya wannan barazana don kamfanonin ba za su iya rasa kasuwarta ba. Mu fa? Kamfanin da ya ƙera ChatGPT yana Amurka, ba shi da ko shago a nan, wa masinjan kotu zai kai wa sammaci? A Amurka hukumar kare masu sayayya ta sa kamfanin DoNotPay, wanda ya tallata kansa a matsayin lauyan mutum-mutumi, ya biya dala 193,000, amma a gabanta yake, hannunta na kai masa.

A gida, gwamnatin tarayya ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan AI a Agustan 2024, wani sashe na ƙungiyar lauyoyi ta NBA ya fitar da jagora ga mambobi a shekarar, kuma sashe na 37 na dokar kare bayanai ya ba mutum damar ƙin yarda na'ura ita kaɗai ta yanke shawarar da ta shafi haƙƙinsa. Sai dai dokokin da muke riƙe da su kullum a kotu sun girmi matsalar. Dokar lauyoyi ta 1975 ta hana wanda ba lauya ba yin aikin lauya, amma mutum take nufi. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana tambaya ne ko kwamfutar da ta fitar da takarda tana aiki lafiya a lokacin. Kwamfutar da ta ƙera muryar bogi ai lafiyarta lau. Yau ana iya kwaikwayon muryar magidanci yana furta saki a tura ta WhatsApp, haka kuma wanda ya yi sakin da bakinsa yana iya cewa na'ura ce. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, don mace ce za ta rasa hujjarta. Tsohuwar hanyar iƙirari da shaidu da rantsuwa za ta ƙara daraja a kotunanmu.

Shi ya sa nake ganin kada mu jira majalisa. Wanda hannunmu ke kaiwa gare shi shi ne mai sa hannu. Wani alƙali a Texas ta Amurka a Mayun 2023 ya wajabta wa duk lauyan da zai shigar da takarda a gabansa ya tabbatar a rubuce cewa ko dai bai yi amfani da AI ba, ko kuma mutum ya bi ya tantance abin da ta rubuta. Babban Jojin jiha na iya ba da irin wannan umarni ba tare da sabuwar doka ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sannan a zuba hukunce-hukuncen kotunanmu a intanet kyauta, har da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, don mai shakka ya iya dubawa. Wanda wannan duk bai kare ba shi ne talakan da babu lauya tsakaninsa da wayarsa. Shi ba doka ce za ta fara cetonsa ba, sai ƙarin ofisoshin taimakon shari'a kyauta a kusa da shi, da masu yi masa bayani da Hausa.

Game da shari'arka, Malam, ka tambayi lauyanka ko canjin alƙali ne ya sa ake komawa farko, don shi ne ya fi jawo irin wannan. Ka sa ya shigar da roƙon a gaggauta sauraro, ya ambaci rasuwar shaidu biyu da shekarun waɗanda suka rage. In waɗanda suka rasu sun riga sun ba da shaida a gaban kotu, ya nemi kwafin bayanansu mai hatimin magatakarda tun yanzu, don doka ta ba da damar a gabatar da shi a sabon zama.